Agogon da Ya Ƙi Jiran Asuba

Har yau in na bi ta bakin tasha a Taura, sai wani ɗan acaɓa ya toshe hanci ya kwaikwayi muryata: "Jama'a a tashi, lokaci ya yi!" Ba na waiwayawa. In na waiwaya me zan ce? Muryata ce, ni na naɗe ta, ni kuma na hau tsani na ɗaure ta a kan darbejiya.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare, kuma tun ina yaro karambani ke cina. Rediyon mahaifina sau uku ina kwance ta, sau biyu ta tashi. A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana tashin mutane sahur da gwangwani da sanda, ba agogo a hannunsa, taurari yake kallo. Da azumin 2023 ya matso, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai na ga dama ta samu. Na haɗa wani kwali a shagon ƙofar gidan kawuna, inda nake tara tarkacena: batirin sola, ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta Arduino, memori mai ɗauke da muryata, da waya da ta bi ta taga ta hau bishiya har wajen lasifika. Ƙarfe 4 na asuba tana cika, sai in fara daga sama: "Jama'a a tashi! A tashi a ci a sha, lokacin sahur ya yi!" Minti uku ina maimaitawa. Ban sa wa kwalin fuskar nuna lokaci ba, don na ga ɓarnar kuɗi ce. Wa zai kalla? Don yara kuma kada su yi mini ta'adi, na tara su na rantse musu cewa wutar da ke cikin wayar nan tana iya kayar da saniya. Ƙarya ce tsagwaronta, batirin bai fi na mota ƙarfi ba. Amma ƙaryar ta shiga, har iyayensu mata suka ɗauka.

Shekarar nan na sha yabo. Har kunun tsamiya aka riƙa aiko mini daga gidajen da ban san masu su ba.

Duk girman kwalin, ransa yana cikin wani abu da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Masu gyaran rediyo suna ce masa kiristal. Ɗan gwangwani ne siriri mai ƙafa biyu kamar gashin gemu, in ka fasa shi sai ka ga ɗan silin dutse mai reshe biyu kamar gwafa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, su suka fara gano halin dutsen a 1880: in ka matse shi ya ba da wuta, in ka ba shi wuta ya motsa. Na agogo an yanka shi ne yadda zai riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Lambar ba ta ado ba ce. Raba ta biyu, ka raba abin da ya fito biyu, ka yi ta yi har sau 15, za ka sauka a kan 1 cif. A gefensa kuma akwai aisi mai ƙafa takwas, DS1307, wanda ba ya ganin rana, ba ya jin kiran salla, ƙirga kawai ya iya. Duk sanda ya cika 32,768 sai ya ce daƙiƙa ɗaya ta wuce. Kamar mai awo ne a kasuwar Gujungu da aka ɗaure wa ido: in ya ƙirga kwano arba'in ya ce buhu ya cika, ko da gwangwanin madara ka miƙa masa a madadin kwanon. Lokacin da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai irin wannan dutse, a ƙarshen 1969, kuɗinsa ya kai na ƙaramar mota. Yau kuwa ba agogon bangon da za a jera wa amarya ka rasa shi a ciki.

Duk wannan na sani. Ina koyar da shi ma. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce jahilci ne ya ja ni.

Da azumin 2024 ya ƙarato na jona kwalin da kwamfuta don in duba lafiyarsa. Shekara guda yana tafiya da ɗan batirinsa mai kama da kwabo, sai na tarar ya makara da minti 24. Wato kusan daƙiƙa 4 ke nan kullum. Ba abin mamaki ba ne. Kiristal ya fi jin daɗi a digiri 25, in zafi ya wuce nan ko sanyi ya yi yawa sai ya rage sauri, shagon kawu kuwa rufin kwano ne, a watan Afrilu ko ƙwai ka ajiye sai ya yi tunanin dahuwa. Zafin digiri 45 kaɗai yana cin fiye da daƙiƙa ɗaya a yini, ragowar kuma arahar kiristal ɗin ce ta ci. Mai hankali zai gyara lokacin ya rufe kwali ya je ya kwanta. Aikin minti biyu ne, kuma a wata guda na azumi makarar ba za ta wuce minti biyu ba. Ni sai na ji abin ya taɓa mini mutunci.

Dalili kuwa, akwai wani agogo a tarihin gidanmu. Kawu ya taɓa sayo rediyo mai agogo a gwanjo, mai jajayen lambobi, kayan Amurka, har da ɗan tiransifomansa. Irin waɗannan ba kiristal suke ƙirgawa ba, bugun wutar lantarki suke ƙirgawa, wutar Amurka kuwa sau 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu sau 50. Saboda haka duk awa ɗaya ta Allah, agogon kawu minti 50 yake gani. In aka kunna janareta kuma sai abin da hali ya yi. Na yi shekaru ina ba ɗalibai labarin agogon nan a aji suna dariya, har labari ya koma kunnen mai shi. To ni da na mai da agogon kawuna abin misali, a ce nawa ma yana makara?

Na hau mota ta Ringim na shiga Kano, na nufi Sabon Gari wajen masu kayan gyaran lantarki. Na ce wa yaron shagon ina son kiristal na agogo, amma wanda ya ɗan fi na kullum sauri. Ya dube ni.

"Malam, na agogo ai ɗaya ne. In makara ce ta dame ka, ga DS3231, kiristal ɗinsa a cikinsa yake, yana auna zafi yana gyara kansa. Shekara guda da ƙyar ya kauce da minti ɗaya."

Na tambayi kuɗi, ya faɗa, na ce a bar maganar. Ya zazzage wata leda a kan kanta, ga su nan duk kamarsu ɗaya, sai ɗan rubutun jiki. Na ɗaga ɗaya a haske, na ga 38.000.

"Wannan fa?"

"Ba na agogo ba ne, Malam."

"Zai shiga ramin?"

"Shiga kam zai shiga."

Na yi lissafi a tsaye, irin lissafin da in ɗalibi ya yi mini shi sai ya share aji mako guda. Na ce 32 da 38, tsakaninsu shida ne kacal. Mu a ƙasar nan mun san yadda ake karanta ƙa'idar kamfani. Motar da aka ƙera wa mutum biyar, da bakwai take tashi daga tasha, ban da akuya a but, kuma tana kaiwa. Takardar kamfani ta ce ƙwaƙwalwar Arduino kada ta wuce bugu miliyan 20 a daƙiƙa, na taɓa ɗura mata miliyan 24 ta ɗauka ba ko tari. Bature yana barin rara ne don tsoron kotu. Abin da bai faɗo mini ba a gaban kantar nan shi ne, in ka ƙara wa ƙwaƙwalwa sauri aiki take gamawa da wuri, in ka ƙara wa agogo sauri kuwa yini yake gamawa da wuri. Makarar daƙiƙa 4 a yini, bugu ɗaya da rabi take nema a ƙara mata. Ni 5,232 na ƙara. Miya ta nemi gishiri ɗan yatsa, na juye mata buhu.

Daren Lahadi 10 ga Maris aka sanar da ganin wata. Na narka dalma na cire tsohon kiristal na liƙa sabo, ina fargabar aisin zai ƙi tashi. Da ma ya ƙi! Ya karɓa kamar jakin da aka ƙara wa mangala, ko kunne bai kaɗa ba. Na saita shi ƙarfe 9 daidai, na ga daƙiƙoƙi suna tafiya a kwamfuta, na ce masha Allah, ga kuzari. Kafin in ƙara kallo cajin kwamfutar ya ƙare, wuta kuwa kwana biyu ba a kawo ba. Na datse shago da kwaɗo na jefa makulli a aljihu.

Muryata ce ta tashe ni. Na lalubo waya, 3:02. Na yi tsaki na ce na gane, garin sauri na yi kuskuren awa ɗaya wajen saiti. Minti biyun da ke kai ban ba su muhimmanci ba, alhali su ne shaidar da ke ihu. Bayan sallar asuba na tsaya a ƙofar masallaci na yi wa jama'a bayani cikin natsuwa irin ta masana: kuskuren awa ɗaya ne, yau zan tafi Dutse bitar kwana uku, in na dawo zan gyara. Kafin nan, duk wanda ya ji muryata ya san ƙarfe 3 ce, yana da sauran lokaci. Liman ya ce ba laifi, tashi da wuri ai alheri ne. Na hau mota ta Gujungu da Jahun da Kiyawa, makulli yana aljihuna.

Daren Litinin ina masauki a Dutse, barci ya fara daɗi, waya ta yi ƙara. Uwargida ce.

"Malam, kana ina?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ina Dutse mana."

"To ga ka nan kuma a kan bishiya kana tashin mutane."

Na duba, 11:44. Ta ɗaga wayar sama, na ji kaina daga nesa ina kiran jama'a su ci su sha. Mutum bai san muryarsa ba ta da daɗi ba sai ya ji ta ta waya, tsakar dare, tana faɗin ƙarya.

Masu waya a kusa sun duba sun yi tsaki sun koma. Amma akwai waɗanda suka riƙe maganata ta ƙofar masallaci da hannu biyu, tunda malamin kimiyya ne ya faɗa. Gidaje aƙalla huɗu aka hura wuta aka ɗora ɗumame. Kawu, wanda ba ya kwana da waya kusa da kai don ya ji an ce tana taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi ya share kwanon tuwo, ya kora da fura, ya ɗaura niyya, ya yi alwala, ya fito ƙofar gida da carbi yana jiran assalatu. Ya ga gari shiru ya ce ladan ya makara. Ya je ya buga wa ladan ƙofa. Abin da suka faɗa wa juna a daren nan, har yau kowannensu nasa yake bayarwa daban, amma sun haɗu a kan cewa sunana ya fito sau da yawa.

Ni kuwa barci ya ƙaurace. Na juya takardar bita na yi rabawar da ya kamata in yi a Sabon Gari: 38,000 a kan 32,768. Kashi 16 cikin ɗari. Duk awa ɗaya kwalina yana ƙara minti 9 da daƙiƙa 35 daga aljihunsa. Yininsa awa 20 ne da minti 42, saboda haka kowane kira zai riga lokacin na jiya da awa 3 da minti 18. A farkon 2018 Turai ta cika da surutu don rigimar wutar lantarki tsakanin Sabiya da Kosobo ta sa agogunan da ke bin bugun wuta sun makara da kusan minti 6 cikin makonni. Ni minti 38 ya ishe ni in yi ɓarnar minti 6. Na ci gaba da lissafi hannuna yana rawa. Kira na gaba: Talata, 8:26 na dare. Na bayansa: Laraba, 5:08 na yamma.

Da gari ya waye na kira uwargida na ce ta sa yaro ya hau ya tsinke wayar.

"Wayar da ke kayar da saniya?"

"Ba ta komai, wallahi. Don yara na faɗa."

"Bara ka rantse tana kisa, yau ka rantse ba ta yi. Wace rantsuwar zan ɗauka? Ɗan wa kake so in tura?"

Na ce to a ɓalle ƙofar shago. Ta ce shagon na kawu ne, kawu kuwa ya ce ba mai taɓa masa ƙofa, wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Na kira ladan, ya ƙi ɗauka. Za ku ce me ya hana ni hawa mota a ranar? Zan faɗi gaskiya tunda azumi ya wuce: alawus ɗin bita sai ranar ƙarshe ake biya, kuma sai wanda ya sa hannu kullum.

Ƙarfe 8:26 na daren Talata ina zaune a bakin gado ina kallon waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. A Taura kuwa ana tsakiyar asham. Masallacin bai fi taku talatin daga darbejiyar ba. An ce jama'a suna sujada, wuri ya yi tsit, sai aka ji daga sama: "Jama'a a tashi!" Yaran sahun baya suka miƙe zumbur. Liman, Allah ya ƙara masa haƙuri, bai ko gezau ba, ya ci gaba da sallarsa, ya ɗaga murya, ni ma daga bishiya ban rage tawa ba. Minti uku muna kafsawa. Wani dattijo ya ce mini daga baya, a ransa ya yi ta neman tsari, amma kafaɗun mutumin da ke gabansa ne suka karya shi, don sai rawa suke.

Laraba ana biyan alawus na fice ko sallama ban yi ba. Na samu mota zuwa Gujungu ba wahala. A nan ne aka tsaya. Ƙarfe huɗu da rabi, mu shida a cikin motar da za ta Taura, direba ya ce sai mutum ɗaya ya ƙaru. Na ce masa motar nan fa ta mutum biyar ce, mun ma yi yawa. Ya leƙo ta taga ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, wannan ai faɗar kamfani ce."

Na biya kuɗin kujerar na bakwai. Duk da haka ban tsira ba. Ina sauka daga kan acaɓa a bakin unguwa, rana tana nan ƙwal a sama, maza sun baje a gindin bishiyoyi da jiƙaƙƙun tawul a ka, mata sun fara sakin ƙosai a mai, leɓen kowa ya bushe, sai na ji ni: "A tashi a ci a sha, lokaci ya yi!" Saura kusan awa ɗaya da rabi a sha ruwa. Ban taɓa ganin idanu masu yawa haka sun juyo wuri ɗaya ba. Wani yaro da ke azuminsa na farko ya riga ya kai moɗa baki, uwarsa ta kaɗe ta. Ina laluben makulli, aljihu huɗu duk na rasa wanda yake ciki, sai ga dattijon nan mai gwangwani ya taho yana ɗingishi. Bai ce da kowa komai ba. Ya ɗaga sandarsa ya maƙalo wayar, mata suna salati suna cewa Baba wuta, ya fizgo ta ƙasa. Muryata ta yanke a tsakiyar "a sha". Ya dubi wayar, ya dubi sandarsa, ya dube ni.

"Saniyar taka ƙarama ce, ɗana."

Bayan asham aka kira ni zauren mai unguwa. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, kuskure ne na lissafi. Ya ce a yi masa bayani yadda zai gane. Na fara da dutse mai reshe biyu, na bi ta kan rabawa sau 15, ina cikin kwatanta mai awo da kwano sai liman ya ɗaga hannu.

"Mai shagon ya ce maka ba na agogo ba ne?"

"Ya faɗa, Allah gafarta Malam."

"To."

Hukuncin bai yi tsanani ba. Lasifika ta koma masallaci a matsayin sadaka, wadda ban tuna na yi niyyarta ba. Dattijo ya koma bakin aikinsa, jikansa yana riƙe masa gwangwani, ni kuma aka ɗora mini sayen maganin ƙafarsa har Salla. A daren na cire kiristal daga wani mataccen agogon bango na uwargida, cikin kayan aurenta, na liƙa a kwalin. Ya koma tafiya daidai, yana makara da 'yan daƙiƙoƙinsa kamar da, ba mai sauraronsa sai ni.

Kawu ne bai ce komai ba a zauren, abin da ya fi damuna ke nan. Sai ranar azumi na ashirin, da la'asar sakaliya, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, ya aiko a kira ni. Na same shi kwance a tabarma, ya sa an fito da tsohuwar rediyon nan mai jajayen lambobi an goge ta an ajiye a gefensa.

"Zauna. Nawa yana cin minti goma a awa, ka kai ni aji. Naka fa?"

"Yana ƙara tara da rabi, Kawu."

"Ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu." Ya yi shiru yana fifita. "In da an bar naka yana tafiya, kwana talatin ɗinsa kwana nawa ne namu?"

Na yi lissafi a ka, a hankali wannan karon. "Bai cika 26 ba."

Ya lumshe ido ya lashi busasshen leɓensa.

"Ɗan gwangwanin nan na Kano, ka yar da shi ne, ko yana nan?"